Yaya, jirgin sama ba a yi masa walda

Yaya, na ga saƙonka tun ranar Talata, aiki ne ya danne ni. Tambaya biyu ka yi, ka dunƙule su wuri guda. Ta fari, me zai sa mu tsayar da jirgi kwana uku a rumfa saboda 'yar tsagar da ba ta kai farce ba, alhali kai da ka shekara 30 kana walda za ka toshe ta kafin a ce kwabo. Ta biyun kuwa a wutsiyar magana ka ɓoye ta: wai mu da muka zauna nan Hamburg ta ƙasar Jamus mun zama Turawa, komai sai takarda, 'ya'yanmu ma ba a san ko su wane ne ba.

Ta ƙarfen ta fi mini sauƙi. Fatar jirgin fasinja, a wurare da yawa, kaurinta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Alminiyam ne da ake kira 2024, an gauraya shi da jan ƙarfe, an gasa shi an sanyaya a ƙa'ide har ya sami ƙarfinsa. Da ka kai masa wutar walda ka kashe wannan ƙarfin, wurin kuma yana hucewa zai tsattsage. Shi ya sa kake ganin jikin jirgi da jerin ƙusoshin nan da muke ce wa ribit, waɗanda ake dakan gindinsu ya baje.

Duk tashin da jirgi zai yi, ana hura masa iska a ciki don mutane su iya numfashi a can sama, sai gangar jikin ta kumbura kamar balan-balan. Matsin ya haura tan 5 a kan kowane murabba'in mita. Ya sauka, ta sace. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ai ka san ƙarshenta. Mu gajiyar ƙarfe muke ce masa, kuma da yawan tashi da sauka muke ƙirga tsufan gangar jirgi. Ga wani abu da lissafi ya tabbatar: in ka huda rami zagayayye a faffaɗan faranti kana jan sa, nauyin da ke bakin ramin ya ninka na sauran wurin sau 3. In ramin mai kusurwa ne, abin ya fi haka muni. Jirgin Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama a 1954, sai da aka saka wani ɗan'uwansu cikin ƙaton tankin ruwa a Farnborough, ana hura shi ana sacewa, ya fashe daga kusurwar taga bayan jimillar zagaye 3,057, har da tashin da ya yi a baya, sannan aka gane.

Amma abin da ke hana ni barci faci ne, domin shi ne aikina. A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya bugi ƙasa da wutsiya a Osaka. Bangon baya da ke riƙe matsin iska ya lalace, aka gyara. Zane ya ce faranti ɗaya za a sa ya haɗa ɓangarorin biyu, jeri biyu na ribit su raba nauyin. Sai aka sa farantin a yanke gida biyu, nauyin ya koma kan jeri ɗaya. A ido aikin ya yi kyau. Jirgin ya yi shekara 7 yana tashi lafiya, ran 12 ga Agusta 1985 bangon ya fashe, mutum 520 suka rasu, 4 suka tsira. Hatsarin jirgin Taiwan a 2002 ma haka: an ɗora faci a kan fatar da ta kakkarce tun 1980 ba a yanke wurin ba, tsaga ta yi shekara 22 tana tafiya a ƙarƙashi ba mai gani, mutum 225 suka rasu.

To in an kawo mini tsaga, ba na fara tambayar da me zan rufe ta. Ina ta fara? Wane nauyi ne ke bi ta nan, in na yanke wurin ta ina zai bi? Sai na auna nisan kowace ƙusa da bakin faranti, kada ya gaza faɗinta biyu. Sai lissafi ya nuna facin zai ɗauki nauyi mafi girma da jirgin zai taɓa gamuwa da shi, a ƙara rabinsa a kai. Kuma abin da zai ba ka mamaki, faci mai kauri ba alheri ba ne: ya fi maƙwabtansa tauri, sai ya jawo nauyi wajensa, sabuwar tsaga ta ɓullo a jerin ƙusoshin ƙarshe. In ɓarnar ta wuce abin da littafin gyara ya yarda, dole a rubuta wa masu ƙera jirgin a jira amsa. Kwana ukun da kake wa dariya ke nan.

Wannan kake kira zama Bature? Ka tuna Baba, Allah ya ji ƙansa, in daro ya tsage. Ba ya taɓa ɗora faci sai ya ɗaga shi sama ya duba da hasken rana, ya nemo inda tsagar ta tsaya, ya ɗauki ƙusa ya huda ɗan rami daidai bakinta. Mu muna tsugune muna ƙosawa. Makona na farko a rumfar jirage na ga wani dattijon Bajamushe ya sa na'urar huji a ƙarshen tsaga, kuma ga shi a rubuce cikin littafi a matsayin gyaran wucin gadi. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko lafiya.

Mu da ke wannan layi a nan ba mu da yawa. Akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zangon Gana, Hausarmu ta gauraye har wani lokaci mukan yi wa juna dariya. Mafi yawanmu bakanikai ne, mu biyu ne a ofishin lissafi. Halin aikin ya bi mu gida, wannan ban musa ba. In ɗayanmu ya ce zai zo ƙarfe huɗu, huɗun ce. In aka ce mu sa hannu a kan abin da ba mu gani da idonmu ba, sai mu ƙi, ko da ɗan'uwa ne ya kawo. Ku a can kuna ganin wannan rashin kara ne. Ni kuwa sa hannuna yana nan cikin takardun jirgi har ranar da za a yanka shi a sayar da ƙarfen.

Zancen aure kuma, tunda can ka dosa. Eh, uwar 'ya'yana Bajamushiya ce, kuma ba ni kaɗai ba ne. Aikinta binciken tsagar da ido ba ya gani, da wata 'yar na'ura mai aika lantarki cikin fatar jirgi. Haɗuwarmu ta farko, aikina ta mayar mini: rami ɗaya cikin 40 ya ɗan karkace, ta ce a sake. Na yi kwana biyu ina cika ina batsewa. Yau ita ce ke tsare yaran su gaishe ni a durƙushe, ita ce ke hana su amsa mini da Jamusanci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zuwanmu na bara. Babbar 'yata ta yi wata guda tana haddace gaisuwa, ta zo gabanku ta ce "ina kwana", harshe ya karye, aka kwashe da dariya ana ga Baturiya. Har muka dawo ba ta sake buɗe baki da Hausa ba. Sai kwanan nan ta koma, kuma saƙon murya da ta aiko maka tun watan jiya ba ka amsa ba. Kullum sai ta duba wayata.

Tsagar ƙashin motar da ka ce kana shirin ɗora wa faranti, kada ka taɓa ta tukuna. Ka kankare fentin har ƙarfe ya fito, ka turo mini hoton bakinta duka biyu, da tsabar kuɗi a gefe don in gane girmanta.