Amsa: Ba kowane katun ne na yara ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko za ki iya kunna wa yaranki Grave of the Fireflies tunda katun ne kuma yara ne jaruman ciki. Gaskiya ni dai a'a, musamman autar taki mai shekara shida.

Fim ɗin na Japan ne, Isao Takahata ya yi shi a 1988, labarin wani yaro Seita ɗan shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4 bayan jiragen Amurka sun yi wa garin Kobe ruwan bama-bamai a 1945, uwarsu ta ƙone ta mutu, gwaggon da suka koma wajenta ta ishe su da gorin abinci har suka bar mata gidan suka tare a wani ramin ɓuya, yarinyar nan tana ramewa a gaban idonki har yunwa ta kashe ta. Wanda ya rubuta asalin labarin ma, Akiyuki Nosaka, haka tasa ƙanwar ta mutu a 1945 ɗin. Ni babba da ni wallahi ranar kasa cin tuwon dare na yi.

Abin mamaki tare aka fara haska shi a silima da My Neighbor Totoro, kamfani ɗaya, Studio Ghibli. To shi wannan Totoro ɗin kunna musu, 'yan mata biyu ne da wani ƙaton dodo mai kirki, dariya za su yi ta yi duk da mamarsu na kwance a asibiti. Wancan kuwa ki bari babban ya kai kamar sha uku ku kalla tare, don zai yi ta miki tambayoyi.