Shin Bakteriya Na Iya Jawo Ciwon Hanta?

Malam, tambayarka ita ce ko ƙwayoyin bakteriya na iya lalata hanta, tunda an gano ciwon a jikin yayanka mai noman shinkafa a fadamar Argungu. Eh, suna iyawa, amma ba su ne kan gaba ba, domin mafi yawan ciwon hanta mai daɗewa a ƙasarmu ƙwayar bairas ce ke kawo shi, wato hepatitis B ko C, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Bakteriya kan tara mugunya a cikin hanta, taifot kan kumbura ta, sannan akwai cutar da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, mai zuwa da zazzaɓi da shawara, wadda mai yini cikin ruwan fadama ya fi fuskanta.

Lamarin da na ga ana yawan sakaci da shi shi ne, idan hanta ta riga ta ƙanƙance har cikin mutum ya tara ruwa, bakteriyar hanji kan shiga ruwan. Saboda haka in zazzaɓi, ciwon ciki ko ruɗewa suka bayyana, a kai yayanka asibiti a ranar, a gwada jini da ruwan cikin kafin a sayi kowane magani a kemis.