Filin Tambaya da Amsa: Layi Huɗu Maimakon Ɗaya a Gwajin PD-1

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu, aikina a kan PD-1 ne, makarɓin da ke jikin ƙwayoyin T na garkuwar jiki. Na sayi antibodi (furotin mai gano wani furotin ya kama shi) polikulonal na zomo. Takardarsa ta ce nauyin furotin ɗin wajen kilodalton 32 ne, amma a westan bulot (gwajin da ke rarrabe furotin bisa nauyinsu) layi huɗu suka fito, mai kaurin yana kusa da 55. A fulo saitometiri (gwajin da ke auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya) kuma monosait, wasu fararen ƙwayoyin jini, duk sun ɗauki haske. Ya lalace ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki yi saurin zubar da shi, 'yar uwa. Layin nan na 55 mai yiwuwa shi ne abin da kike nema. Lissafin 32 na furotin tsura ne, alhali PD-1 yana ɗauke da sarƙoƙin sukari masu ƙara masa nauyi, shi ya sa yake fitowa tsakanin 50 da 55. Ki raba samfurin biyu, ki zuba wa ɗaya PNGase F mai yanke sukarin. Idan layin ya gangaro ƙasa, shi ne.

Sauran ukun kuwa halin polikulonal ne. Zomo aka yi wa allurar furotin, aka riƙa maimaitawa duk bayan 'yan makonni, sannan aka ɗebi jininsa. Ƙwayoyin B, masu samar da antibodi, da yawa ne suka amsa, kowacce da gurbin da take kamawa. Daga nan ƙarfin alamarsa yake, daga nan kuma yake cafko furotin da ba nasa ba. Ki ƙara tsarma shi: gwada 1:500, 1:1000 da 1:2000, bayan toshe takardar bulot ɗin da madara kashi 5 cikin 100 na awa ɗaya. Ki jera ƙwayoyin T da ke hutawa kusa da waɗanda aka zuga da PHA (sinadarin da ke tayar da ƙwayoyin T) na awa 48 zuwa 72. Layin gaskiya zai yi kauri a na biyun, na ƙarya zai tsaya yadda yake. Wannan gwajin na fi amincewa da shi.

Hasken monosait galibi daga makarɓan Fc ne, masu riƙe wutsiyar kowane IgG, wato nau'in antibodin da kike amfani da shi. Ki jiƙa ƙwayoyin a ruwan jinin mutum kashi 10 cikin 100 na minti 15 kafin ki sa antibodin, ki kuma ware bututu ɗaya mai IgG na zomon da ba a yi wa allura ba. Ki duba takardar bayanin antibodin da kyau: idan da ɓangaren furotin na cikin ƙwaya aka yi wa zomon allura, ba zai ga komai a ƙwaya mai rai ba sai an huda fatarta.

Sai ajiya, inda ɗauke wuta ke cutar da mu. Daskarewa da narkewa a kai a kai ne ke kashe shi. Ki rarraba shi maikurolita 10 zuwa 20 a ƙananan bututu a sanyin -20°C, ko ki haɗa da gilisarol rabi da rabi don kada ya daskare. Ki rubuta lambar rukunin da ke jikin kwalbar, domin jinin wani zomon daban ne, kuma duk sabuwar kwalba sai an sake gwada tsarminta daga farko.