Kwamfutata na sandarewa, kibod ɗin mara waya kuma ba ya amsawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, kibod ɗin kuma mara waya. Kwanan nan sai ina tsakiyar buga furojet ɗin ɗalibi ta sandare, linzami ba ya motsi. Sai in zare wayar daga soket. Wani mai gyara ya ce bairos ne, sai an yi formatin. Ina tsoron aikin mutane ya salwanta.

Amsa: Wa'alaikis salam Malama. Kafin ki zargi kwamfutar, ki tabbatar kibod ɗin na magana da ita. Irin waɗannan suna barci don tattalin batir, dannawar farko sau da yawa tada shi kawai take yi. Ki sauya batir, ki zare ɗan ƙaramin makarɓin USB ɗin ki mayar a wata kafa. In na Bluetooth ne, ya dogara ne da Windows ɗin da ta tsaya, don haka ki ajiye tsohon kibod mai waya a aljihun tebur.

In yana aiki, ki danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager, wato jerin manhajojin da ke aiki, zai fito, ki sauka da kibiya kan manhajar da ta maƙale, ki danna Delete. In bai fito ba, Ctrl, Alt da Delete. In allon ne ya yi baƙi ko hoton ya tsaya cak, ki haɗa maɓallin Windows da Ctrl, Shift da B. Za ki ji ƙara kaɗan, allon ya ƙifta ya dawo. Ki ba kowanne minti ɗaya ko biyu.

Yanzu maganar soket. Wallahi wannan ɗabi'a ta fi bairos kawo mini kwamfutoci. Mutane sun ɗauka in linzami ya tsaya, komai ya tsaya. Ba haka ba ne. Ki dubi ƴar fitilar da ke ƙiftawa a gaban akwatin: hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) na nan yana rubutu. Kin yanke masa wuta a tsakiyar layi, fayil ya fito rabi, gobe Word ta ce ba za ta iya buɗe shi ba. In kuma Windows na sabunta kanta ne a lokacin, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ɗaukewar wuta na yi mana wannan ɓarna kyauta, ina dalilin ƙarawa da hannunmu? Sannan a kai wa mai gyaran da ko leƙa lafiyar hadis bai yi ba, ya ce formatin, ya share furojet ɗin yara da hotunan biki, ya karɓi kuɗinsa. Bayan mako biyu ta sake sandarewa, domin tun farko ƙura ce ta toshe fanka, ko RAM (ƙwaƙwalwar aikin wucin gadi) ta yi kaɗan, ko hadis ɗin ne ke mutuwa. Wannan ba gyara ba ne, cin amana ne.

In duk maɓallan sun ƙi, ki jira fitilar nan ta lafa, sannan ki riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Word na ajiye kwafin ceto duk minti 10, ki duba gefen hagu idan kin sake buɗe ta. Yau ɗin nan ki kwashe aikin mutane a filas, kuma kada kowa ya taɓa formatin sai ya nuna miki sakamakon gwajin hadis.