Likita ya ce a yi wa Duna allurar hutu, na kasa yarda

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah ina neman shawara. Muna da kare Duna, marigayi Babanmu ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo don gadin gidan gona, yanzu shekararsa 14. Ƙafafun baya sun mutu sai jan gindi, fitsari a kwance yake yi, kwana huɗu kenan ko romo ya ƙi sha, da daddare kuma kuka yake har gari ya waye. Likitan dabbobi ya ce ƙodarsa ta gaza gara a yi masa allura ya huta, ni kuma wallahi ji nake kamar zan ci amanar Baba, yayyena har dariya suke min wai kuka akan kare. Ya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu. Na san ciwon nan, kuma kar dariyar kowa ta dame ki, dabbar da ta kwana tana gadinku shekara 14 ba abin kunya ba ne a yi mata hawaye. Ki tuna hadisin Bukhari da Muslim na mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi.

Gaskiya Duna ya yi tsawon rai, yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi, kuma ƙodar da tsufa ya cinye ba ta dawowa, ƙarin ruwa na iya ba shi sauƙi na 'yan kwanaki amma iyakarta kenan. Ni abin da nake dubawa shi ne yana ci, yana iya tashi, yana barci ba kuka? Duk ukun nan kin riga kin ba ni amsa da kanki. Amanar da Baba ya bar miki ita ce kada Duna ya wahala, kuma malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da ran za ta warke, ki tambayi malaminku don zuciyarki ta kwanta.

Allurar ba ta da zafi, ana fara ba shi ta barci sannan a sa maganin ta jijiya, minti ɗaya zuwa biyu zuciya ta tsaya, wani lokaci ido na zama a buɗe ko ya ja dogon numfashi sau ɗaya, kar ki tsorata baya jin komai a lokacin. In za ki iya ki zauna kusa da shi ya ji muryarki. Amma dan Allah kar wani ya ce zai taimaka da maganin ɓera ko ota-fiya-fiya, wannan azaba ce mai tsanani, na sha ganin ta.

A haƙa rami mai zurfi, kamar mita ɗaya, don maganin na nan a jikinsa kuma yana iya kashe angulu ko wani karen da ya tono shi. Kwanonsa da sarƙarsa kuwa ki bar su inda suke har ranar da ke da kanki kika ji za ki iya ɗauke su.