Mai gida ya kusan ninka mini kuɗin haya a Kubwa, shin doka ba ta da ta cewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce, shekarata shida a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, ina biyan naira dubu 900 duk shekara. Saura wata biyu kuɗina ya ƙare sai ga saƙon ejan ta WhatsApp, wai haya ta koma miliyan 1 da dubu 600, in ba zan iya ba in tattara kayana ranar da kuɗina ya cika. Har cewa ya yi za su cire mita su sa wa ƙofa kwaɗo. Marayu uku nake riƙo. Na ji an ce majalisa ta yi dokar ƙayyade haya a Abuja, ina zan kai ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya marayun nan, ya ba ki ladan riƙonsu. Gara in faɗa miki mai ɗacin tun da fari: babu dokar da ta yanka wa mai gida iyakar abin da zai nema a Abuja. Abin da kika ji kudiri ne da Sanata Smart Adeyemi ya kai majalisar dattawa a 2022, yana neman a daina karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya a koma biyan wata-wata. Ya tsallake karatu na biyu, amma kudiri ba doka ba ne, kuma ko shi ɗin maganar lokacin biya yake yi, bai taɓa farashi ba. A Legas ne dokar haya ta 2011 ta ba ɗan haya damar zuwa kotu ya ce ƙarin da aka yi masa ya wuce hankali, kuma dokar Legas ba ta aiki a Kubwa.

To amma kada gwiwarki ta yi sanyi. Doka ba ta ba ki farashi ba, ta ba ki lokaci, kuma lokacin nan shi ne abin da ejan ba ya so ki sani.

Ƙarin haya tayi ne, kamar tayin kasuwa. Mai gida ba shi da ikon ɗora miki sabon farashi shi kaɗai, sai kin amince. In kin ƙi, abin da ya rage masa shi ne ya nemi gidansa ta hanyar da dokar karɓar gida daga ɗan haya ta tsara, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya. Dokar ta ce mai biyan mako-mako a ba shi notis na mako ɗaya, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara kuma na wata shida cur. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takardar ta kwana bakwai, ana sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Bayan nan ne alƙali zai saurari kowa. Ma'aikatan kotu kaɗai ke fitar da kayan mutum, su ma sai da umarnin alƙali a hannunsu.

Yanzu ki ɗauko takardar yarjejeniyar da kika sa wa hannu ki karanta da kyau, domin nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Wata shidan nan na wanda bai yi wata yarjejeniya ta daban ba ne. In takardarki ta ce notis wata ɗaya ne ko wata uku, kotu za ta bi abin da kika sa wa hannu. In kuma kowace shekara sabuwar takarda kuke yi mai cewa haya ta fara rana kaza ta ƙare rana kaza, to ranar da ta cika ta mutu da kanta, takardar kwana bakwai kawai za a ba ki. Amma in sau ɗaya kuka yi takarda shekara shida da suka wuce, tun daga nan kina tura kuɗin shekara yana karɓa, galibi kotu na ɗaukarki mai hayar shekara-shekara, wata shidanki na nan.

Maganar kwaɗo da cire mita kuwa, ita ce ta fi ɓata mini rai. Na taɓa ganin gidan da aka yaye wa kwano ana tsakiyar damina, katifun yara sun jiƙe sharkaf, littattafansu na makaranta an baza a tsakar gida suna ɗiga. Wannan ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gidan da ya yi haka kotu na iya sa shi biyan diyya. Tun a 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta Legas kanta a shari'ar Ojukwu, lokacin da aka fitar da shi da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Abin da aka hana gwamna ba za a bar wa ejan ba. Kada ki goge saƙon nan nasa, ki ɗauki hotonsa ki ajiye a waya biyu. In sun zo da kwaɗo ki ɗauki bidiyo, ki kira maƙwabta su shaida, ki kai rahoto ga 'yan sanda a kan barazana da tada hankali. Sai dai ki sani 'yan sanda ba sa raba shari'ar haya, ba su da hurumin fitar da ke ko yanke farashi.

Akwai gargaɗi biyu. Kada ki bari bashi ya hau kanki, ki tura kuɗin tsohon farashi ta banki a kan lokaci, in ya maido ki ajiye shi gefe kada ki taɓa. Sannan kada ki dogara ga kuskuren notis kamar katanga. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars, Kotun Ƙoli ta nuna cewa shigar da ƙara na iya gyara kuskuren da ke cikin notis. Duk ranar da kika ƙara a gidan bayan hayarki ta ƙare bisa doka za ki biya ta, kuma alƙali na iya lissafa miki da farashin kasuwa na yau.

Kin yi fatan a ce akwai dokar ƙayyade haya, kuma ban ga laifinki ba. Amma ni ina shakkar ta zama maganin ciwon Abuja. A San Faransisko ta Amurka an faɗaɗa irin wannan doka a 1994. Masana daga jami'ar Stanford da suka bi diddigi sun gano cewa waɗanda ke cikin gidajen sun amfana, sun fi daɗewa a muhallinsu, amma masu gidajen da dokar ta shafa sun rage gidajen hayar da kashi 15 cikin 100, suna sayarwa ko rushewa su gina na masu kuɗi, har haya ta tashi da kusan kashi 5 a sauran gari. A Balin ta Jamus an daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a 2021, 'yan haya da yawa suka koma biyan cikon da aka rage musu. A nan gida kuwa ko dokar Legas da ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya, mai neman gida da ya matsu yakan biya ya yi shiru. In an ɗaure farashi a takarda, sai ya ɓullo ta kuɗin ejan, kuɗin lauya da kuɗin ajiya. Irinki da ke cikin gida za ta ɗan huta, wadda ke yawon neman ɗaki a Nyanya ko Lugbe ita za ta sha wuya. Tushen matsalar fili ne, wanda a Abuja yake hannun gwamnatin tarayya, ga tsadar siminti, ga manyan gidaje a kulle a Maitama da Asokoro ba kowa ciki.

Shawarata ki rubuta wa mai gidan kansa wasiƙa, ba ejan ba, cikin ladabi. Ki tuna masa shekara shida ba ki taɓa saɓa biya ba, ki ce ba ki amince da sabon farashin ba, ki yi naki tayin, misali a raba ƙarin kashi biyu, wani bana wani baɗi. Mai gida mai lissafi ya san wata shida na notis da zirga-zirgar kotu da fentin gida duk kuɗi ne. In akwai limami ko dattijon da yake jin kunya, ki tafi da shi. In abin ya ƙi, akwai sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja, akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa ga marasa ƙarfi.

In kuma tashin ya zama dole kika nufi Mararaba ko Masaka, ki tuna Jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla kuma Neja, kowace da dokarta. Kafin ƙarshen makon nan ki haɗa takardar yarjejeniya, rasit na shekara shida da hoton saƙon ejan, ki kai wa lauya ya duba miki ranar da hayarki ta fara, domin daga ita ake lissafin komai.