Me ya haɗa cocin Presby na Akropong da Sikotlan?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Nima, cikin Accra. Mun kai ɗalibai ziyara Akropong, a kan tsaunukan Akuapem, muka ga tsohuwar majami'ar Presby, wato Presbyterian, da kwalejin horar da malamai. An ce mana Jamusawa ne suka kafa su, alhali na san Presby ta mutanen Sikotlan ce. Yaya abin yake?

Amsa: Malama, barka kadai. Duka biyun gaskiya ne, sai dai akwai mutane na uku da ba a cika ambata ba, kuma a ganina su ne ƙashin bayan labarin.

Ƙungiyar mishan ta Basel ce ta fara aikin. Hedikwatarta tana Suwizalan, amma yawancin ma'aikatanta Jamusawa ne. Mutum huɗu na farko sun sauka Osu a 1828, zazzaɓi ya kwashe su duka cikin 'yan shekaru. A 1832 aka sake turo uku, biyu suka mutu, aka bar Andreas Riis shi kaɗai, shi ma wani mai maganin gargajiya ne ya yi jinyarsa har ya miƙe. A 1835 ya hau Akropong, inda iska ke da sanyi kuma sauro bai kai na bakin teku ba. Ya yi shekaru yana wa'azi bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Mutanen gari sun ɗauki abin addinin farar fata.

Shi ya sa a 1843 aka ɗauko Kiristoci baƙaƙe sama da 20 daga Jamaika, jikokin waɗanda aka sayar bayi daga wannan gaɓar. Suka zauna a Akropong, suka yi noma, suka yi gini, suka koyar da yara. Ki kwatanta yadda ɗan gari zai ji, ya ga mai launin fata irin tasa riƙe da littafi yana karantawa a gaban jama'a. Nan ƙofa ta fara buɗewa. A 1848 aka kafa makarantar horar da malamai da masu wa'azi, wadda ita ce kwalejin da kuka gani.

Wannan makaranta ta fi ginin majami'ar muhimmanci. Wanda ya gama a can akan tura shi ƙauye: da safe yana aji da alli a hannu, ran Lahadi shi ne a gaban jama'a yana wa'azi, kuma shi ake kira idan an sami rasuwa ko wasiƙa ta zo ba mai karanta ta. Fasto yakan zo jefi-jefi don baftisma da jibin Ubangiji. Daga cikin irin waɗannan aka sami David Asante, ɗan gidan sarauta, wanda ya yi karatu a Basel ya dawo a 1862, da Theophilus Opoku da aka naɗa fasto a 1872. Opoku ya je har Salaga a 1877, kasuwar goron da kakanninmu fatake suka sani sarai, ya rubuta abin da ya gani da harshen Twi. Da taimakon irin waɗannan mutane ne Christaller, wani Bajamushe ma'aikacin Basel, ya kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Twi a 1871, ya tara karin magana 3,600.

Akwai abin da ya jawo gunaguni. Waɗanda suka karɓi addinin akan ware musu unguwa, ana kiranta Salem. Ke da ke zaune a zango kin san daɗin zama da naka da kuma ɗacinsa. Sai dai Salem ba baƙi aka tara a ciki ba, 'yan gari ne aka raba da danginsu, kuma sarakuna sun yi ta kukan cewa ana janye musu talakawa. Kukan nasu yana da hujja.

Sikotlan ta shigo ne ta dalilin yaƙin duniya na ɗaya. Daga ƙarshen 1917 Turawan Ingila suka kori ma'aikatan Basel, suka gayyato cocin Sikotlan da ke aiki a Kalaba, ya turo A. W. Wilkie. Ya tarar ikilisiyoyi suna tafiya ba Bature ko ɗaya, domin malamai da dattawa sun riƙe su. Kalmar Presbyterian kanta daga Helenanci take, ma'anarta dattijo: jama'a ke zaɓen dattawa su zauna da fasto su yanke shawara, ba bishop a sama. Tsarin ya dace da mutanen da suka saba ganin sarki kewaye da majalisarsa.

Ranar 14 ga Agusta 1918 aka yi babban taron cocin na farko a Akropong, aka zaɓi Peter Hall shugaba. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka zo daga Jamaika. Sunan Presbyterian kuwa sai a 1926 aka ɗauke shi, a taron Abetifi. Idan kin sake kai ɗalibai, ki nemi a zaga da ku unguwar da mutanen Jamaika suka zauna, ki ba yaran labarin a can.